Numfashin Da Ke Bayan Kyamara

"Rufe idonki tukuna, rabin raina," in ji Dogo, yana jan kujera gaban kwamfuta. "Kwana uku na yi a kan abin nan. Yau sai kin ƙara min matsayi."

Auta ta rufe ido tana dariya. Saura wata biyu aurensu, saura sati uku a buɗe baje kolin fasaharta ta bidiyo. Ɗaki guda aka ba ta, a kowane bango za a haska bidiyon wani wuri da ta yi yarinta: famfon bakin layinsu, barandar makarantarsu, shagon gyaran agogon Baba. Waɗannan ukun ta ɗauko su da kanta. Bango na huɗu na tsohon gidansu ne, shi kuwa an rushe shi tuni an yi wurin ajiye motoci. Abin da ya rage daga gidan kaset ɗin bidiyo ne guda ɗaya, wanda ta aro a wurin Baba da ƙyar da magiya, ta ba Dogo ya juye mata, tunda tace hoto da sauti ne sana'arsa.

"Buɗe."

Ga tsakar gidan nan, ga igiyar shanya, ga ita tana 'yar shekara shida tana bin kaza da gudu. Hoton ya fito tas, ya tsaya cak ba ya ko motsi. Ta kasa kunne. Sai kukan kazar da dariyarta kawai.

"Ina rawar hoton?"

"Na daidaita shi. Wanda ya ɗauka ai bai iya riƙon kyamara ba, hannunsa sai karkarwa yake." Ya yi murmushin wanda ya yi abin kai. "Ga wani numfashi fuu-fuu a bakin makirufo tun daga farko har ƙarshe. Ɗaya bayan ɗaya na bi na cire shi."

Auta ta juyo ta dube shi.

"Dogo... Mama ce ta ɗauka."

Murmushin ya bar fuskarsa.

"Tana da ciwon ƙirji, shi ya sa take numfashi haka. Ba ta fito a hoton ba ko sau ɗaya. Numfashin nan shi ne ita, shi kaɗai ya rage mana tun rasuwarta." Ta miƙa masa hannu. "Ba komai. Ba ni kaset ɗin, a sake juyewa."

Ya jawo aljihun tebur. Kaset ɗin na ciki, zarensa ya fito waje ya cukurkuɗe, duk ya yayyage.

"Na'urar ta cinye shi bayan na gama juyewa. Na so in gaya miki, sai na ce ai ga wanda ya fi shi kyau..."

"Wanda ka fara juyewa fa, kafin ka taɓa shi?"

"A kansa na ajiye gyararren, na farkon ya goge."

Ba ta yi ihu ba, ita ba mai ihu ba ce. Ta dai tsaya tana kallon mutumin da take so kamar ranta, mutumin da ba ya iya ganin karkataccen hoto a bango bai miƙe ya gyara shi ba. Wannan halin nasa ne ya fara burge ta. Yau ta tsane shi har cikin zuciyarta.

"Me ya sa ba ka tambaye ni ba?"

"Me ya sa ba ki gaya min ba?" in ji shi. "Shekara uku muna tare, Auta. Ko yaushe na tambayi labarin Mama sai ki ce a bar zancen. Kin shirya ki nuna wa baƙi yarintarki a bango huɗu, ni da zan aure ki ban san ta ba!"

Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ce ta fi yi mata ciwo.

"Ka san wa ke jiran kaset ɗin nan? Baba. Idonsa ya tafi shekara biyar ke nan. Ba kallo yake yi ba, saurarenta yake."

Da rana suka isa gidan Baba. Dogo ya tsaya a bakin ƙofar falo, ya kasa shiga. Baba na kan kujerarsa ta kullum kusa da taga, hannunsa a kan sanda.

"Autata ce? Kin dawo min da ita?"

"Na dawo da ita, Baba. An mayar da ita cikin waya, ta fi ƙarko."

"To kunna. Kwana biyar ke nan, gidan ya yi min shiru."

Ta durƙusa a gefensa ta kunna. Kaza ta yi kuka, yarinya ta yi dariya. Baba ya karkata kai yana jira.

"Ƙara sautin."

Ta ƙara.

"Ƙara dai, ban ji ta ba."

Ta kai shi ƙarshe. Hawaye na zubo mata, ba ta san sa'ad da ta matso da bakinta bayan wayar ba, ta fara jan numfashi a hankali, gajere-gajere, yadda take tunawa. Fuu... fuu...

Baba ya saurara har bidiyon ya ƙare. Sai ya laluba ya dafa kanta.

"Wannan naki ne, Auta. Nata yana da ɗan fito a ƙarshe."

Daga bakin ƙofa ta ji Dogo ya fashe da kuka, ba ta waiwaya ba.

"Wa ke nan?" in ji Baba.

Ta kalli zoben da ke yatsanta, ta daɗe tana kallonsa.

"Mai gyara ne, Baba," ta ce. "Ya gama aikinsa, tafiya zai yi."