Ranar da Fayilolin Borghild Suka Ƙi Dawowa

Aikin da ya fitar da ni ran nan ba wani abin a zo a gani ba ne. Ni ce mai kula da kwamfutocin ƙaramar hukumarmu, ni kaɗai a duk tsibirin, kuma rabin rayuwata a zaune na yi shi ina kallon ɗan koren layi yana jan ciki a kan allo. Sunana Gunvor. Kowa ya san ba ni da haƙuri.

Da safe faifan kwamfutar ɗakin shan magani ya mutu. Ban damu ba, don kullum muna tura kwafin komai zuwa rumbun ajiya da ke Nordvika, can ƙarshen tsibiri, a bayan ofishin ƙungiyar masunta. An kai shi nesa ne don ko gobara ta ci nan, can ya tsira. Na sa sabon faifai, na ba da umarnin dawo da fayiloli, na zuba kofi.

Ban kai ga shanyewa ba aka shigo da Inna Borghild, wata dattijuwar garinmu, ranga-ranga. A ɗakin girki ta faɗi, hannunta dafe da ƙirji. Iska ta hana jirgi mai saukar ungulu tashi, jirgin ruwa kuwa tun jiya aka ɗaure shi. Aslaug, ma'aikaciyar jinyarmu, ta samu likita a waya daga babban gari. Ya ce akwai allurar da za ta iya ceto ta, amma kada a kuskura a yi sai an duba tsohon bayaninta, don shekarun baya wani magani ya kusa kashe ta, kuma babu mai tuna wanne ne. Bayanin nan yana cikin fayilolin da ba su iso ba.

"Gunvor, ina kayan nan?" in ji Aslaug daga bakin ƙofa.

"Suna hanya."

"Tun ɗazu suna hanya! A ƙasa suke tahowa?"

"Ke dai riƙe allurarki, ki bar ni da nawa."

Baki kawai na yi. Na tsayar da komai, na zaɓi fayil ɗin Borghild shi kaɗai. Ko gezau. Na canja waya, na kashe na'urar layi na kunna. Na auna layin da ke bi ta kan dutse zuwa Nordvika, lafiyarsa ƙalau, babu kowa a kansa. Rumbun ne da kansa yake amsawa da ƙyar, kamar wanda aka ɗora wa aiki biyu. Na nemi shiga cikinsa daga nan, shafin ya ƙi buɗewa. Na ja tsaki, na jefa faifai a aljihu, na ce wa Aslaug in ta kama in kwaso shi da hannu, zan kwaso.

Tsakiyar hunturu ne, lokacin da rana ba ta fitowa sam a nan arewacin duniya. Ɗan shuɗin hasken tsakar rana ya fara dushewa sa'ad da na hau hanya. Ƙanƙara na dukan gilashi, iska na ture motar zuwa gefen teku. Na kunna rediyo, na kashe. Na sake kunnawa. Ƙafata ta ƙi zama wuri ɗaya, ga hanya ba ta gudu ba ce. Ban haɗu da mota ko ɗaya ba.

A Nordvika sandunan shanya kifi suna kuka cikin iska. Fitila ɗaya ce ke ci, ta ofishin ƙungiya. Na tura ƙofa, warin kwalta da man kifi da jiƙaƙƙen ulu ya tare ni. Baba Ottar, tsohon da ke riƙe da makullan wurin, yana zaune da rigar ruwansa a jiki, ya fuskanci tagar da ke kallon gadar ɗaure jirage.

"Baba Ottar, ba ka tafi gida ba?"

"Me kika zo yi?"

Ko kofi bai ce in sha ba. Mutumin da ko mai karanta mita sai ya ɗura masa kofi da waina kafin ya bar shi ya fita. Ban tsaya ba, na wuce ɗakin baya.

Fitilun rumbun suna ta ƙiftawa ba ƙaƙƙautawa. Na jona kwamfutata, na jona faifai, na ce kwafa. Nan ma jan cikin ne, ga ni ga rumbu. Haba! Sai na buɗe wurin da ke nuna ayyukan da yake yi. Biyu ne. Nawa, mai tura fayil ɗin Borghild ɗakin shan magani, yana ƙasa yana jira. Na sama yana ɗauke da suna: Teisten.

Na daɗe ina kallon sunan.

Kowane jirgin kamun kifi a nan yana da na'urar taswira, inda mai jirgi ke zana hanyoyin da yake bi tsakanin duwatsun da ruwa ya rufe. In jirgi ya shigo tasha ya kama siginar ofis, na'urar takan ajiye kwafin taswirar a rumbu. In ta lalace, sai ta janyo abinta. Masunta ne suka dage aka tsara cewa jirgi yana gaba da kowa, wai mai fita teku ba ya jira. Teisten kuwa jirgin Edvin ne, mijin Borghild, ƙanen Baba Ottar. Bara waccan ya fita bai dawo ba. Ba a ga jirgi ba, ba a ga mutum ba. Mu kuma ba ma goge sunan jirgi daga ko'ina sai teku ta maido da gawa.

Siginar ofishin nan ba ta wuce katangar tasha.

Ban ji shigowar Baba Ottar ba, sai numfashinsa a bayana.

"Kar ki taɓa," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Baba, wane ne wannan?"

"Kin iya karatu."

"Wani ne ya tsinci na'urar."

"A ƙarƙashin teku?" Ya matso. "Duk ranar da aka yi iska irin wannan yana zuwa. Ya ja kaɗan, iska ta lafa, ya ɓace. Hanyar shigowa yake nema, 'yar nan. Ba ya gani. Yau ne kawai ya kusa gamawa."

Na duba. Koren layin Teisten ya kusa kaiwa ƙarshe. A gefensa akwai 'yan sandunan da ke nuna ƙarfin sigina. Ina kallo ɗaya ta ƙaru.

Na juya wurin tsohon.

"Borghild tana kwance rai a hannun Allah," na ce. "Fayil ɗinta nake nema. Shi ya tare hanya."

Tsohon ya gyaɗa kai a hankali.

"Ashe shi ya sa yake sauri."

Wayata ta yi ƙara, na kusa yar da ita. Aslaug ce. "Gunvor, leɓenta ya fara shuɗi. Don Allah." Na ce saura kaɗan, na kashe.

Sai iska ta ɗauke. Ɗif, kamar an rufe ƙofa.

Cikin shirun na ji inji. Tuk. Tuk. Tuk. Tsohon inji mai tari, daga bakin tasha.

Wata sandar ta ƙaru.

Wari ya canja. Babu kwalta, babu kofi. Ciyawar teku ce ruɓaɓɓiya, da sanyin laka.

Rediyon jirage da ke kan kanta ya yi ƙara shi kaɗai. Shuuu. Sannan sautin ruwa yana zuba daga bakin mutum.

"Ottar," in ji rediyon. "Ban ga fitila ba."

Tsohon ya dafa bango. Hawaye na bin gemunsa.

Na kai hannu kan kwamfuta. Na danna sunan Teisten, na zaɓi a katse shi a kuma hana shi sake shiga. Allon ya tambaye ni ko na tabbata.

Injin ya mutu. Katako ya gogi katako a jikin gada.

"Gunvor," in ji rediyon, a hankali. "Bar ni in gama."

Taku. Mai nauyi, mai ruwa. Caɓ. Caɓ.

"Ƙanena ne," Baba Ottar ya raɗa. Ya riƙe hannun rigata.

"Ita ma matarsa ce, kuma da ranta."

Na danna.

Koren layin ya ɓace. Nawa ya zabura, ya cika kafin in ƙifta ido. Fayil ɗin ya tafi ɗakin shan magani.

Takun ya tsaya a bakin ƙofar gaba.

Ruwa ya fara shigowa ta ƙarƙashinta, baƙi, yana tafe da yashi.

Wani abu ya jingina da ƙofar. Katakon ya yi ƙara.

Na bar kwamfutar a nan. Na banke ƙofar baya, na faɗa cikin dusar ƙanƙara, na miƙe. Motata tana gefen ginin. Ina kama murfinta wani abu ya kama wuyan hannuna.

Sanyi. Laushi. Ƙarfi.

Ban juya ba. Na rantse ban juya ba. Ruwa yana ɗiga a kafaɗata daga sama, daga inda kan dogon mutum zai kasance.

Sai Baba Ottar ya ƙwala kira daga cikin ofis: "Edvin! Ni ne! Zo nan!"

Riƙon ya sassauta.

Na fizge, na shiga, na ba ta wuta. Iska ta dawo gaba ɗaya kafin in kai kwana ta farko. Ban kalli madubi ba har na hango fitilun gari.

Na tarar Aslaug ta riga ta karanta wa likita bayanin. Ashe allurar da ke hannunta ita ce wadda ta kusa kashe Borghild a wancan karon. Wata aka yi mata, da safe kuma jirgi ya samu sauka ya ɗauke ta.

Masunta sun sami Baba Ottar zaune a kujerarsa, takalmansa cike da ruwan teku. Da ransa. Ya miƙa musu makullai, ya koma wurin 'yarsa a babban gari, bai ƙara yi wa kowa maganar ba. Wuyan hannuna ya yi shati har bazara, kuma har yau ba ya ɗumi.

Da Borghild ta dawo gida na kai mata burodi, don haka ake yi. Tana kwance a kujerar falo, an lulluɓe ta da bargo. Ban gaya wa kowa abin da ya faru ba, ko Aslaug. Ta dube ni ta daɗe.

"Ke ce kika rufe masa hanya," ta ce.

Na kasa ƙarya. "Ni ce, Inna."

"Na ji injinsa. Na riga na miƙe zan ɗauko rigata." Ta gyara bargon. "Saura da yawa kafin ya iso?"

"Saura kaɗan."

Ta juya fuskarta ga bango.

"Ajiye burodin a kan tebur," ta ce. "In an sake yin iska, kar ki je Nordvika."