Talotalo Mai Ƙanƙara

"Wa ya kashe min gas?!"

Muryar Mista Harlan ce, mahaifin Wyatt, ta cika garejin. Ni kuwa hannuna na kan tukunyar gas ɗin, ban ko yi yunƙurin ɓoyewa ba.

"Ni ce, Baba."

Ranar bikin godiya ce, wanda dangi ke taruwa duk shekara a ci talotalo, kuma ranar da Wyatt ya fara kawo ni gidansu da zoben baikonsa a yatsana. Na zo da niyyar zama salihar suruka, wallahi. Sai na tarar bawan Allahn nan ya ɗora ƙatuwar tukunya cike taf da man suya a cikin gareji, dab da galan ɗin fetur, yana shirin tsoma talotalon da ƙanƙara ba ta gama narkewa a cikinsa ba. Ga tsohuwar mahaifiyarsa a keken guragu, an ajiye ta kusa wai ta ji ɗumi!

"Baba, in ƙanƙara ta taɓa man nan, tafasowa zai yi ya zubo kan wuta. Don Allah a fitar da shi tsakar gida..."

"Ji min yarinya! Tun ba a haife ki ba nake soya talotalo a nan. Wyatt, wannan ce mai karatun kashe gobarar?"

"Karatun hana ta tashi, Baba," na ce.

"A 'yar kwalejin bayan tasha? To sannu, shugabar 'yan kwana-kwana!"

Dangi suka kwashe da dariya. Duk wannan bai dame ni ba. Abin da ya soke ni shi ne da na juya na ga Wyatt yana murmushi, yana sosa ƙeya.

"Shelby, masoyiyata... ki ba shi haƙuri kawai. Yau ɗaya ce."

Yau ɗaya! Raina ya ɓaci. Na naɗe hannun rigata, tabon ƙunar da ke hannuna ya bayyana tun daga wuyan hannu har gwiwa.

"Kai kaɗai na taɓa nuna wa wannan, Wyatt. Ka san wadda ta jefo ni ta taga ranar gobarar gidanmu, ita ba ta fito ba. Mamata ma yau ɗaya ce!"

Na tura keken tsohuwar zuwa falo, na ɗauki jakata na fice.

A mota hawaye suka hana ni ganin ramin makulli. Ina kiciniyar zare zoben na ji an buɗe but ɗin bayan motar, an dire abu mai nauyi. Wyatt ya shigo yana haki, rigarsa duk maiƙo.

"Me ka saka min a mota?"

"Tukunyar gas ɗin. Yau babu mai soya komai a gidan nan."

"Babanka fa?"

"Ya ce in na fita da ita, kada in dawo teburinsa."

Na dube shi, har yanzu ina huci. "Amma ka yi murmushi, Wyatt."

"Na yi... kuma ba zan yafe wa kaina ba." Ya kamo hannuna mai tabon, ya mayar da zoben mazauninsa. "Ja mota, Shelby. Ki yi min faɗan a hanya."

Na kuwa yi masa, har muka isa gida.