Tsutsotsin Umma

Akwai wata yarinya da ake kira Hanzari. Babanta ne ya sa mata wannan suna, domin hannunta ya fi bakinta sauri. Kafin a ce mata "miƙo", ta miƙo. Kafin a ce "bari", ta riga ta taɓa.

Babu abin da Hanzari take alfahari da shi kamar Ummanta. Umma tana aiki a wata cibiyar bincike. Tana sa doguwar farar riga, kuma kowa a wurin Dakta yake kiranta. Tun kafin a haifi Hanzari take nazarin tsirrai da ƙwari. Baba kan yi mata tsiya, ya ce ta shinshina ganye a rayuwarta fiye da kowace akuya.

A makaranta kuwa, 'yan ajin Hanzari sun ji labarin Umma har kunnuwansu sun gaji.

"Ummata Dakta ce," in ji ta. "Likitar tsirrai ce. Ko bishiya ta yi zazzaɓi, ita ke warkar da ita."

Wata rana Malama ta ji, ta yi murmushi. Ta roƙi Umma ta bari 'yan ajin su zo su ga aikinta. Umma ta amince, aka sa rana. Ta ce za ta nuna musu wani abin mamaki. Hanzari ta kasa zama wuri ɗaya don murna.

Ana saura 'yan kwanaki, Umma ta tafi da ita wurin aikin. Suka shiga wani ɗaki da aka gina da gilashi, mai ɗumi da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. A kan dogayen tebura an jera tukwane, kowace da shukar masara. Ba su daɗe ba sai wani ɗalibin Umma, wanda ake kira Dogo, ya leƙo.

"Dakta, na'urar nan ta sake tsayawa."

"Ina zuwa," in ji Umma. Ta juya ga Hanzari. "Ki jira ni a nan. Ki kalla da ido kawai."

Hanzari ta fara zagayawa. A teburin farko masarar kore shar, gwanin sha'awa. A na biyu kuwa an rufe kowace tukunya da ɗan ƙaramin gidan sauro. Ta leƙa ciki. Ganyen duk ramuka ne! Ga tsutsotsi manya-manya a kai, suna ci hankali kwance.

"Wayyo!" in ji ta. "Marasa lafiyar Umma ne. Aiki ya yi mata yawa, ba ta gani ba."

Ta tuna an ce ta kalla da ido kawai. Amma ai 'yar likita ba ta ganin mara lafiya ta wuce. Ta ɗage rufin ɗaya bayan ɗaya. Ta tsince tsutsotsin tas a cikin wani gwangwani. Ta fita ta zuba su a gindin bishiya, tsuntsaye suka sauko suka yi bidiri. Ta dawo ta ɗauki almakashi, ta yanke duk ganyen da aka ci.

Da Umma ta dawo, Hanzari ta tarye ta da gudu.

"Umma, rufe idonki! Na yi miki aiki. Na yi musu tiyata!"

Umma ba ta rufe ido ba. Ta tsaya tana kallon teburin. Dogo ya dafe kai da hannu biyu.

"Ina tsutsotsina?" Umma ta tambaya a hankali.

"Tsuntsaye sun cinye su. Ba za su sake damun ki ba."

Umma ta jawo kujera ta zauna. Ba ta yi faɗa ba.

"Zo nan, 'yata. Wa kike zaton ya sa tsutsotsin a kan ganyen?"

"Su suka hau."

"Ni na sa su, da hannuna."

Hanzari ta buɗe baki. "Amma ke Dakta ce! Dakta ba ya sa wa mara lafiya cuta."

"Ba kowane Dakta ne yake ba da magani ba. Ni Daktar bincike ce. Aikina tambaya ne." Umma ta ɗauki wani ganye daga ƙasa. "Masara ba ta da ƙafar gudu, ba ta da bakin ihu. Amma idan tsutsa ta cije ta, tana fitar da wani ƙamshi. Ni da ke ba ma jin sa sosai. Akwai wani ƙaramin zanzaro da ke jin sa daga nesa. Sai ya zo ya kama tsutsar. Da ƙamshi masara take neman agaji."

"To, yanzu ba za ta kira shi ba?"

"Da me za ta kira shi? Babu tsutsa, babu ganyen da aka ci. Shekaru na yi ina neman sinadaran da ke cikin wannan ƙamshin. Shi ne abin da zan nuna wa 'yan ajinku."

Hawaye suka zubo wa Hanzari. Garin gyaran gira ta tsole ido.

"Ki yi haƙuri, Umma. Taimako na so in yi."

"Na sani. Amma da kin tambaye ni, da na faɗa miki. Yanzu sai an ɗage ziyarar, kuma ke za ki gaya wa Malama dalili."

Washegari Hanzari ta tsaya a gaban aji. Ta faɗi duk abin da ta yi, ba ta rage komai ba. Wasu suka yi dariya. Wani yaro ya ce, "Ashe 'yar likita ce ta kashe aikin likita!" Kunya ta kama ta kamar ƙasa ta tsage ta shige. Malama ta tsawatar musu.

"Ta yi kuskure," in ji Malama, "amma ta faɗi gaskiya da bakinta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne."

Daga ranar Umma ta ba Hanzari aiki. Ta miƙa mata wani kwano mai murfin raga, cike da ƙananan ƙwayaye.

"Waɗannan za su ƙyanƙyashe su zama tsutsotsi. Ke za ki yi renon su."

Kullum bayan an tashi makaranta, Hanzari na zuwa ta wanke kwanon, ta sa sabon ganye. Ta shuka sabuwar masara, tana ba ta ruwa. Baba ya ce shi bai taɓa ganin mai kiwon tsutsa ba sai a gidansa, ko za ta tatso masa madara? Hanzari ta yi dariya. Tsutsa dai ba ta girma da sauri, masara ma haka. Dole ta koyi jira.

A ƙarshe ranar ziyara ta zo. 'Yan aji suka kewaye teburin Umma. A kai akwai bututun gilashi mai reshe biyu. Ɗaya yana kawo iska daga lafiyayyar masara, ɗayan daga wadda tsutsa ta ci. Umma ta saki ƙaramin zanzaro a bakin bututun.

Kowa ya zuba ido. Zanzaron ya taka a hankali, yana kaɗa gashin kansa. Ya isa mararraba, ya tsaya. Hanzari ta matso kusa. Sai ya juya, ya miƙe sak zuwa wurin masarar da aka ci.

"Ya ji kiran!" yara suka yi ihu suna tafi.

Umma ta ɗaga hannu. "Wannan aikin ba nawa ba ne ni kaɗai. Ga wadda ta reni tsutsotsin tun suna ƙwai." Ta dafa kafaɗar Hanzari. Daɗi ya cika yarinyar har ta rasa inda za ta sa kanta.

Sai ta ɗaga yatsa. "Umma, ina da tambaya. Masarar da ke kusa da wadda aka ci fa? Ita ma tana jin ƙamshin?"

Idon Umma ya yi haske.

"Tambaya mai kyau! Ban gama gano amsarta ba tukuna. Za ki taya ni nema?"

"Zan taya ki," in ji Hanzari. "Amma ki fara faɗa mini abin da zan taɓa."

Kowa ya fashe da dariya, har da Dogo.

Yara, kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa ba. Idan ba ku fahimci abu ba, ku tambaya kafin ku sa hannu. Matambayi ba ya ɓata.