Biskit Ɗin Auta

Hannunsa a gefen farantin ya sauka.

Auta ta gani da idonta. Tana tsaye a bakin ƙofar kicin da tire a hannu, ta ga mijinta ya miƙa hannu zai ɗauki biskit, yatsunsa suka dira a kan tebur, suka yi ta lalube kafin su samo bakin farantin. Ya ɗauki guda, ya yi 'yar dariya kamar babu abin da ya faru.

Falon a cike yake. Ranar hutu ce, ranar da danginsa ke zuwa. 'Ya'yan yayyensa duk sun ɓata baki da kirim ruwan hoda, mahaifiyarsa Umma ta hakimce a doguwar kujera, kusa da ita kuma ga 'yar ƙanwarta, wadda kowa ke kira Nas duk da cewa a kantin magani take aiki. Tun suna yara Nas ta sa rai da shi, wannan ko bangon gidan ya sani.

"Ajiye shi, Yaya," in ji Nas.

Ya yi kamar bai ji ba.

"Na ce ka ajiye. Ni dai na gaji da rufa maka asiri."

Umma ta juyo. "Asirin me kuma?"

"Ciwon suga gare shi, Umma. Ya daɗe da shi. A wajena yake karɓar magani yana ɓoyewa a shago. Ita kuma wannan baiwar Allah kullum cikin ɗura masa zaƙi take."

Auta ta tako cikin falon, ta dubi mijinta.

"Mai Agogona..." Haka take kiransa. "Ƙarya take yi, ko?"

Bai ɗago ba.

Nas ta miƙe, ta tsaya nesa kaɗan da shi, ta ɗaga yatsu.

"Nawa ne nan, Yaya?"

Mutumin da sana'arsa gyaran agogo, wanda ke ɗaukar ƙusar da ba ta kai ƙwayar yashi ba ya mayar da ita mazauninta, ya ƙura ido, ya ƙara ƙurawa, sannan ya sunkuyar da kai.

Umma ta saki salati. Ba ta zagi Auta ba, ai da zagin ne ma da sauƙi. Kallo ɗaya ta yi mata, ta fincike biskit ɗin daga hannun ɗanta ta jefar a ƙasa, ta kama hannunsa suka fice. Aka kwashe yara. Auta ta rage ita kaɗai, da tire cike a hannunta.

Wanda bai san farkon maganar ba zai ce sakarci ne, babban mutum da hankalinsa ya zauna yana cin abin da zai hallaka shi. To, ga yadda aka yi.

Auta ta haifi ɗa namiji, bai ko yi kwanan duniya ba ya koma. Daga asibiti ta wuce gado, kuma a nan ta tare. Ba kuka, ba magana, ba wanka sai an yi da gaske. Mahaifiyarta ta zo ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta gaji ta tafi. Mai Agogo yakan dawo daga shago ya same ta yadda ya bar ta, ko juyi ba ta yi ba.

Rannan sai ga shi da fulawa, da bota, da ƙwai, da suga. Ya shiga kicin ya kama ƙarar kwanuka da gangan. Mutumin da ko ruwan zafi ya ɗora sai ya ƙone tukunya. Hayaƙi ya turnuƙe gidan har ɗakin kwana.

Haushi ne ya tashe ta, ba wani abu ba.

"Wai me kake yi haka?"

"Biskit ɗin nan naki nake kwaɗayi. Mai laushin nan da kika fara kawo mini shago, lokacin da kike fakewa da agogon babanki kina zuwa gani na."

"Agogon da gaske ya lalace."

"Sau huɗu a wata?"

Ta harare shi, ta leƙa kwanon. "Wa ya ce maka haɗa komai ake yi a lokaci ɗaya? Bota ake fara bugawa da suga. Matsa."

Ya matsa. Tun daga ranar ba ta koma gadon nan da rana ba.

Kullum sai ta gasa. Ta buga bota da suga har su yi fari, ta fasa ƙwai, ta zuba fulawa kaɗan-kaɗan don kada kwaɓin ya yi tauri. Ta sa shi a firji ya huce, ta murza da kauri, ta yanka da bakin kofi. Sirrin laushin shi ne a fitar da shi daga obin tun gefensa bai yi ja ba, yana nan fari kamar bai gasu ba. Sai ya sha iska sosai sannan ta shafa masa kirim, in ba haka ba narkewa zai yi ya tsiyaye. Yaran dangi suka mayar da gidan wurin zuwa, maƙwabta na aiko da kwano.

Amma ba don su take yi ba. Idan ya dawo, zama take ta zuba tagumi tana kallon bakinsa. In ya bar ko guda a faranti sai jikinta ya yi sanyi, ta ce, "Bai yi daɗi ba, ko?" Shi kuwa ya san inda wannan sanyin jikin yake kai ta. Saboda haka ba ya bari.

Ashe tun kafin ya shigo da fulawar nan likita ya riga ya gaya masa yana da ciwon suga.

Bayan abin da ya faru a falon aka kai shi asibiti, aka ce jini ya zuba a bayan idanun. Na hagu ya tafi, na dama sai inuwar mutum yake gani. Likitan ya ce ciwon ya daɗe yana cin sa a ɓoye, ba abinci ɗaya za a ɗora wa laifi ba. Umma ba ta ji wannan ba. Abin da ta ji shi ne ɗanta ya makance, kuma ta san hannun da ya ba shi zaƙin.

Gidanta ta wuce da shi. Nas ta tattaro kayanta ta dawo gidan, wai jinya. Wayarsa ma a hannunta take.

"Yana barci," haka take ce wa Auta ta tsagar ƙofa.

Washegari ma, "Yana barci."

Rannan ta ƙara da, "Ke kam ba ki da kunya? Me ya rage da ba ki ƙarasa ba?"

Ita ma Auta tambayar da take yi wa kanta ke nan. Ta koma gida ta kwashe sauran biskit ta zuba a shara. Ta wanke hannu, ta sake wankewa, ƙamshin bota ya ƙi fita.

Sai da ta faki lokacin da Nas ke kanti sannan ta samu shiga. Yana zaune a bakin gado a tsohon ɗakinsa na samartaka, ya rame, hannayensa a kan gwiwa ba su da abin yi.

"Auta," ya ce tun ba ta yi magana ba. "Na san takunki."

Ta yi niyyar faɗawa jikinsa. Da ta buɗe baki, faɗa ne ya fito.

"Me na yi maka?"

"Zo ki zauna, rabin raina."

"Kada ka kira ni haka. Me na yi maka da za ka sa in cire maka ido da hannuna? Kana ci ina murna... ina tafa maka... ina ƙaro maka..."

"Ba ke ba ce. Likita ma ya faɗa."

"Likita ne yake tsaye a kanka yana cewa ƙara ɗaya?"

Ta matso ta tsaya a gabansa.

"Da ka gaya mini. Kalma ɗaya ce fa."

"Da na gaya miki, da kin kashe obin ɗin nan a ranar. Daga nan ina za ki?"

Su biyun sun san amsar.

"Na ga lokacin da kike mutuwa a gabana kaɗan-kaɗan, Auta. Na yi addu'a, na yi roƙo, na kira duk wanda zan kira. Babu abin da ya tashe ki sai wannan. Na ce zan ci na ɗan lokaci, in kin warware in daina. Kullum sai in ce gobe. In na ga fuskarki a kan farantin nan sai in kasa."

"Shi ne ka zaɓar mini. Ba ka tambaye ni ba."

"Ban tambaye ki ba. Kuma wallahi ko yau aka mayar da ni, abin da zan yi ke nan."

Nan kukan ya ƙwace mata. Ta durƙushe ta kifa kai a gwiwarsa, shi kuma yana lalubar fuskarta da yatsun nan nasa masu sanyi, yana share hawayen da ba ya gani.

"Ki mayar da ni gida," ya ce. "Nan ko numfashi sai an ba ni izini."

"Babu inda za ta kai ka."

Umma ce a bakin ƙofa. Allah kaɗai ya san tun yaushe take tsaye.

Auta ta juya a durƙushe. "Umma, ki yi mini rai. Ban sani ba."

"Matar da mijinta zai yi ta lalube a gabanta ba ta lura ba, ina amfanin zamanta? Ga 'yar uwarsa nan, ta san allurarsa, ta san abincinsa. Ki kama gabanki, yarinya, da sauran ƙuruciyarki."

"Ita da ta sani tuntuni ta yi shiru fa, Umma?" in ji Mai Agogo. "Jira ta yi sai da ido ya tafi, ta samu abin faɗa a gaban mutane. Ban taɓa yi miki musu ba tunda kika haife ni. Amma in kika raba ni da Auta, gawa za ki yi jinya."

Umma ta kalle shi. Uwa ce, idonta ita ma ya kumbura. Da ta yi magana, da Auta ta yi.

"Obin ɗin nan ya bar gidan. Fulawa, suga, duk wani tarkacen gashi, kada in ƙara ganin ko cokali ɗaya. Ranar da na ji ƙamshin abin nan a gidanku, ranar zan ɗauke ɗana, kuma ba zai dawo ba."

"Umma, a'a." Ya yunƙura zai tashi. "Ba ki san mene ne obin ɗin nan a wajenta ba. Ta gasa wa yara, ni ba zan ko taɓa ba."

"Da idonka biyu ma ka ci, balle yanzu."

"Auta, gaya mata. Gaya mata ba za ki iya ba."

Auta ta kalli idanunsa, suna kallon gefen kafaɗarta a zaton fuskarta ce.

"Na yarda, Umma."

"Auta..."

"Na ce na yarda. Tashi mu tafi gida."

Maza biyu ne suka ciccibi obin ɗin suka fita da shi. Inda yake ya bar fili a kicin, fentin wurin ya fi na sauran bangon haske. Ta ja kwandon shara ta ajiye a wurin. Yara suka zo ranar hutu ɗaya, suka leƙa kicin, suka yi ta zagaye, daga nan suka rage zuwa. Nas kuwa ko a hanya ba ta ƙara gaishe ta ba.

Ta samu mijinta. Duk wanda ya tambaya sai ta ce alhamdulillahi, kuma har zuciyarta take faɗa.

Da safe takan yi masa allura, ta ba shi abincin da likita ya ce, ta kama hannunsa zuwa falo, ta kunna masa rediyo. Iyakar aikin ke nan. Daga nan ranar sai ta miƙe a gabanta, doguwa, ba komai a cikinta. Ta tsaya a kicin hannayenta na neman abin bugawa, ta tuna abin da suka aikata, ta ɓoye su cikin zani.

Da farko zama take a bakin gado, wai ta huta. Daga baya ta fara kishingiɗa. Yanzu labulen ɗakin ma ba ta ɗagawa.

Shi kuwa yana falo ya rage muryar rediyo, ya karkata kai yana sauraron gidan.

"Auta?"

"Na'am."

"Ban ji motsinki ba. Kin tashi kuwa?"

Nauyin nan da ta sani ya riga ya danne mata ƙirji, ƙafafunta sun ƙi sauka ƙasa. Daga kwancen ta miƙa hannu, ta ja durowar gefen gado ta mayar da ƙarfi, ta sake ja, don ya ji ƙara.

"Na tashi mana, Mai Agogona. Gyaran ɗaki nake yi."

Ta ji ya sauke ajiyar zuciya.

"To madalla," ya ce, da murna a muryarsa. "Yi aikinki, ba zan dame ki ba."

Ya ƙara muryar rediyon.