Bindigar Mai Katako

Da hantsi aka bugo wa Sufeto waya cewa an tsinci gawar mai injin yankan katako a bayan rumfarsa.

Ko da ya isa, an kashe injuna. Mamacin na kwance rigingine a kan dussar katako, harbi ɗaya a ƙirji. Wayarsa na aljihu, agogonsa na hannu.

"Ba aikin ɓarawo ba ne, Yallaɓai," in ji Saje.

Sufeto ya dubi gidan da ke jikin rumfar. "Yana da bindiga?"

Yana da ita, ta farauta, da lasisinta. Matar mamacin ce ta buɗe musu kabad ɗin. Bindigar na jingine. Sakatarta kuwa, wato ƙarfen da ke tura harsashi, an zare ta an naɗe a tsumma a cikin aljihun tebur.

"Haka yake ajiye ta, saboda yara," in ji matar. "Ta fi shekara ba ta fita daga ɗakin nan ba."

Sufeto ya shinshina tsumman. Man da ke jikinsa ɗanye ne. Ya lura kuma duk maganar da take, idonta na kan ƙofa.

A bakin ƙofar wani dattijo ne tsaye, dogo, hannunsa na hagu cikin aljihu. Wan mamacin ne, kowa a gidan Yaya yake ce masa.

"Ina kake da safe, Malam?"

"Ina ɗakina. Injuna na aiki, wa zai ji harbi?"

"Ka iya bindiga?"

Yaya ya zaro hannun. Babu babban yatsa, babu manuni, sai dungu mai sheƙi.

"A da na iya. Shekara goma sha biyu ke nan da zarto ya cinye su. Ko sakatar nan ba zan iya zarewa ba, sai an danne maɓallinta da babban yatsan hagu. Ka tambayi kowa."

Sufeto bai tambayi kowa ba. Ya ɗauki bindigar ya kai ta bakin taga. A gefenta na hagu akwai ɗan maɓallin da ke tare sakata kada ta zame, wanda bisa al'ada bai fi farce ba. Wannan kuwa an ƙara masa faffaɗan ƙarfe, waldar ma ba ta dushe ba.

Mai gyaran bindiga ɗaya ne a garin, wani tsoho mai tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a goshi. Sufeto ya kai masa bindigar. Yana ganin ta ya ajiye magagari.

"Aikina ne. Sati biyu ke nan."

"Wa ya kawo ta?"

"Mai ita. Ya ce in faɗaɗa maɓallin, in sassauta shi, yadda ko da tafin hannu za a danne. Na ce, kai da yatsu kamar na maƙeri, me ya yi zafi? Sai ya ce ba don kansa ba ne. Wai wansa yake so ya koma farauta tare da shi." Tsohon ya gyara zaman tabarau. "Bai yi dariya ba da yana faɗa, Yallaɓai. Kamar mai shirin zuwa kotu."

Sun koma da rana tsaka. Sufeto ya sa Saje ya tsare Yaya a rumfa, shi kuma ya sami matar a kicin.

"Kin ce min bindigar ba ta fita ba."

Ta fashe da kuka. "Yaya na tsaye a kaina! 'Ya'yana uku a gidan nan. Na ga baban yara ya fita da ita yau da safe, ya ce zai yi magana da Yaya, maganar da ta hana shi sukuni shekara da shekaru. Bayan nan Yaya ne ya dawo da ita, ya zauna a kujerar can yana goge ta."

A rumfa, Sufeto ya mayar da sakatar cikin bindigar, babu harsashi, ya ɗora ta a kan teburin zarto.

"Zare ta."

"Na faɗa maka ba zan iya ba."

"Mai gyara ya ce don kai aka yi aikin. Matar ƙanenka ta gan ka."

Yaya ya dubi bindigar. Sannan ya sa dungun ya danne maɓallin, ya ja da dama. Sakatar ta fito sumul.

"Aiki ya yi kyau," ya ce a hankali. "Ya miƙo min ita, ya ce kyauta ce. Na yi murna, wallahi na yi murna. Na loda ta zan gwada a jikin gungume. Sai ya durƙusa ya ce in yafe masa. Wai shi ya kunna injin ran nan. Ya ga hannuna a kan zarto, yana fushi da ni don na mare shi gaban ma'aikata, ya ce tsorata ni kawai yake so ya yi."

"Sai ka harbe shi."

"Shekara goma sha biyu ina zagin kaina da sakaci. Shi yana ɗaure min igiyar takalmi, ina sa masa albarka." Ya ajiye sakatar a kan teburin. "Yana durƙushe na ce ya tashi. Ya ɗauka rungume shi zan yi."

Saje ya fito da ankwa. Yaya ya miƙa hannuwansa da kansa.

Da za su wuce ƙofar gidan, yaran uku na tsaye a bayan uwarsu. Ƙaramar ta leƙo.

"Baba Yaya, ina za ka?"

Sufeto ya kama kafaɗar Yaya, ya tura shi cikin mota.