Lungun Ƙarƙashin Bene

Magariba ta kawo jiki, Inna na kwashe shanya, sai ga tsakuwa ta faɗo tsakar gida. Ta ɗauka, ta yar da sauri, don zafi gare ta kamar daga murhu aka ciro ta. Wata ta biyo baya, wata ma ta biyo.

Baba bai ji ba. Shi in ya sa kai a aiki, ko rufi ne ya faɗo ba zai ɗago ba. Bidiyo yake haɗa wa mutane a kwamfuta, kwamfutar kuwa ta tsufa, sai ta ɗau zafi ta mutu ana tsakiyar aiki. Da ya gaji da ba mutane haƙuri, ya samo tsohuwar na'urar tsotse danshi ya farke ta, ya lanƙwasa bututunta mai sanyi cikin bokitin ruwa, ya ja tiyo daga bokitin zuwa kwamfutar. Dabarar ta yi. Sai dai bayan na'urar iska mai zafi yake fitarwa, shi kuma ya juya shi ya fuskanci lungun ƙarƙashin bene, inda bango ke tsatsafo da ruwa tun kafin su tare a gidan.

Tun ranar jifan 'yarsu Auta ta kwanta, jiki rau da zafi, leɓe a bushe. Asibiti ba su ga komai ba. Inna ta yi jinya har kuka ya daina zo mata.

Da la'asar sakaliya aka kawo malam. Ya zauna kusa da yarinyar a falo yana karatu, ya daɗe, kafin ta buɗe baki da muryar wata tsohuwa.

"Malam, sassauta. Ni ma a gajiye nake."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi min komai ba. A lungun can nake tun ba a haife ta ba, ko cokalinsu ban taɓa ɗauka ba. Ubanta ya kwashe sanyi ya ba ƙarfensa, ni ya watso min wuta. Na yi jifa, bai ji ba. Ina zan sa kaina?"

"Ki fita daga jikinta."

"Ya kashe abin can yanzu, in fita. Ba na neman komai."

Malam ya dubi Baba. Aikin wani bidiyo da ake ta jira yana gab da kammaluwa, in na'urar ta tsaya kwamfutar za ta mutu, komai ya koma farko. Baba ya miƙe. A bakin ƙofar ɗakin aikinsa ya tsaya, ya zuba wa fuskar kwamfutar ido, ya ɗan jima a haka. Sannan ya zare wayar wutar na'urar.

Ƙuginta ya ɗauke. Auta ta yi atishawa, gumi ya karyo mata, ta nemi ruwa. Baba ya durƙusa ya riƙe mata kofi. Ta sha, ta dube shi, ta yi magana da muryarta ta kullum.

"Baba, ina ganinka fa. Da ta ce ka kashe, me ka tsaya dubawa?"