Luguden Delu da Kuluwa

A wani ƙauye can da, an yi wasu ƙawaye biyu, Delu da Kuluwa, masu daka a turmi ɗaya. In suna lugude, sai Delu ta jefa kalmar Turanci da suka koya a makaranta, Kuluwa ta cafe da wata mai irin amonta kafin taɓarya ta sauka.

Ran nan Delu ta ce, "Cake!"

Kuluwa ta ce, "Lake! Wato kogi."

Delu ta tsai da taɓarya. "Tafki dai."

"Kogi ne, ƙawata."

"Tafki ne! Kuma ba na ƙara daka da ke sai kin yarda."

Washegari Kuluwa ta leƙo da taɓaryarta. "Delu, zo mu yi lugude."

"Kin yarda tafki ne?"

Kuluwa ta juya. Ta sake zuwa, ta sake zuwa, kullum tambayar ke nan. A zuwan ƙarshe idanunta sun yi ja, ta ce, "Delu, ina da magana."

"Kin yarda tafki ne?"

Kuluwa ta juya.

Da aka koma makaranta bayan hutu, malama ta ce lallai tafki ne. Delu ta ruga gidan su Kuluwa tana tsalle, sai ta tarar da ƙofa a rufe. Wata maƙwabciya ta ce, "Ai sun tashi, 'yata, sun koma gari mai nisa. Ba ta zo yi miki sallama ba?"

Da yamma Delu ta zuba gero a turmi, ta ɗaga taɓarya, ta ce a hankali, "Kogi ne, Kuluwa."

Ta saurara. Ba wanda ya amsa sai turmi.